Numfashi Ma Yana Da Tiya

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Magarya, ko ta Dungas, ko ta Bande, ya san ba a cinikin gero da ido. Mai buhu zai rantse maka cewa cike yake, kai ma ga shi kana gani tsaye ƙiƙam, an ɗinke shi har wuya, amma ba za ka sa hannu a aljihu ba sai an kira mai awo. Shi kuma ya durƙusa, ya farke bakin buhun, ya nutsa tiya cikin tsaba, ya ɗago ta ta yi tsini, ya tare da hannu, ya juye, yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji. In ya kai arba'in, buhu ya cika. In ya tsaya a talatin da shida, babu rantsuwar da za ta cike gurbin huɗun nan. Kuma ba lalle ne mai buhun ya yi ƙarya ba. Sau da yawa shi kansa bai san ɓera ya huda masa gindin buhu tun a ɗaki ba.

Mutanen da ba sa yarda a sayar musu da hatsi babu awo, su ne kuma suka bar numfashinsu a hannun zato. Ka duba dattijon da a da yake kama noma tun hantsi bai ajiye hauya ba sai azahar, yanzu kuwa ba ya kai ƙarshen kunya biyu sai ya dogara da ƙota yana haki. Da asuba tarinsa ne ke tayar da gida kafin ladan, sai ya kakaro majina sannan ƙirji ya lafa. Hanyar masallaci da yake bi tun yana yaro ta zama sai ya tsaya sau ɗaya a gindin bishiya, ya yi kamar gaisawa ya tsaya yi. A gida ana cewa tsufa ne. Abokansa na cewa sanyi ne ya shige shi. Shi kuma ya ce tarin taba ne, kowane mashayi yana da shi. In abin ya tsananta da hunturu, sai ɗansa ya ɗauko shi a babur zuwa likita.

"Baba, tun yaushe kake wannan tari?"

"Wallahi ɗana, ya daɗe. Ba ya hana ni komai, sai dai in na yi sauri."

"Kana shan taba?"

"A da dai. Yanzu sai jefi-jefi."

Ɗansa na tsaye a bakin ƙofa, saboda haka jefi-jefin nan yana iya zama kara goma a yini. Majo, wato malamin jinyar likitar, zai saurari ƙirjinsa, ya auna zafin jiki da hawan jini, ya ba shi ɗan gwangwani ya tofa majina a kai a duba tarin fuka. Daidai ya yi, domin duk tarin da ya wuce mako biyu a ƙasarmu tarin fuka ake fara nema. Sakamako ya dawo babu ƙwayar cutar. A ba shi ƙwayoyi na kwana bakwai da ruwan maganin tari, a rubuta "ciwon ƙirji" a babban littafi, ya koma gida. Baɗi war haka zai dawo, ya fi bana haki. Ban ga laifin majo ba ko kaɗan, ya yi aiki da abin da ke hannunsa. Buhun ne dai aka shafa daga waje, aka ɗaga aka ji nauyinsa, ba a sa masa tiya ba.

Cutar da nake magana a kanta likitocin Nijar suna rubuta ta BPCO, na Najeriya kuma COPD: toshewar hanyoyin iska na huhu, wadda ke zuwa sannu a hankali kuma ba ta komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 ta kashe mutum miliyan 3.5, wato ita ce ta huɗu cikin abubuwan da suka fi kashe mutane a duniya a shekarar. Kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda take kashewa kafin su kai shekara saba'in suna ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin hali.

Yadda take ɓarna kuwa, iskar da muke shaƙa tana bi ta maƙogwaro, ta rabu biyu, ta yi ta rarrabuwa cikin bututu har ta kai ga waɗanda faɗinsu bai kai milimita biyu ba, a ƙarshensu kuma akwai 'yan jakunkuna ɗaruruwan miliyoyi inda iska ke gamuwa da jini. Hayaƙi yana kumbura bangon ƙananan bututun nan, ya cika su da majina, ya bar musu tabo, su tsuke. Yana kuma yayyaga bangon jakunkunan, huhu ya rasa danƙon da yake komawa da shi ya matso iska waje. Shi ya sa wahalar mai wannan cuta ta fi yawa wajen fitar da iska.

Kawo buhu biyu, kowanne tiya arba'in. Ɗaya a farke bakinsa gaba ɗaya, ɗayan a ɓarke masa kusurwa kawai, faɗin yatsa uku. A kifa su tare a kan tabarma. Na farko kafin ka ƙifta ido ya zubar da mafi yawan abin da ke cikinsa. Na biyu zai yi ta tsiyaya, kana girgiza shi, kana matsa shi da gwiwa, in ka gaji ka ɗaga sai ka tarar da saura a ciki. Ka zo zuba masa sabon hatsi, ba zai ɗauki arba'in ba, domin tsohon bai gama fita ba. Haka ƙirjin dattijon nan yake. In yana zaune a tabarma yana da lokacin jiran iska ta tsiyaye, shi ya sa yake cewa lafiyarsa lau. Da ya miƙe ya kama hauya, numfashi ya yi sauri, sabuwar iska ta zo ta tarar tsohuwa ba ta ba ta wuri ba. Ƙirji cike da iska, mai shi kuma yana neman iska.

Tiyar wannan awo ta daɗe a duniya. Wani likitan Ingila, John Hutchinson, shi ya fito da na'urar auna numfashi a 1846, bayan ya auna mutum fiye da 2,000. Shi yawan iskar da mutum ke iya fitarwa kawai ya auna, wato girman buhu. Sai a 1947 wani likitan Faransa, Robert Tiffeneau, tare da abokin aikinsa Pinelli, suka nuna cewa a duba nawa ke fita a sakan na farko, wato faɗin bakin buhun. A kan wannan ake har yau. Lafiyayyen huhun baligi yana fitar da kamar kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na iskarsa a sakan ɗaya. Ƙa'idar da kwamitin masana na GOLD ya shimfiɗa tun rahotonsa na farko a 2001 ita ce: in abin da ya fita a sakan na farko bai kai kashi 70 cikin ɗari ba, bayan an ba mutum maganin buɗe hanyoyin iska, to akwai toshewa. Hoton ƙirji ba ya yanke wannan hukunci, abin sauraren ƙirji ma haka. Suna taimakawa, amma huhu yana iya fitowa kamar lafiyayye a hoto alhali bututunsa sun tsuke.

Na'urar ta yau, wadda ake kira sipiromita, ba ta fi a riƙe ta a hannu ɗaya ba, wasu da batir suke aiki. Wuyar tana wajen awon. Za a auna tsawon mutum ba takalmi, a rubuta shekarunsa, a zaunar da shi a kujera ƙafafu a ƙasa, a matse masa hanci da ɗan maƙali. Ya ja iska har ya ji babu sauran wuri, ya kama bututu da leɓe kam, ya huro da iyakar ƙarfinsa lokaci guda, ya ci gaba da hurawa sakan shida ko fiye, har ya ji cikinsa ya manne. Mai awon ba zai yi shiru ba, sai ya tsaya a kansa yana ɗaga murya: "Hura, Baba! Hura! Ci gaba, ci gaba, saura kaɗan!" In tari ya katse shi, ko ya yi jinkirin farawa, ko iska ta zurare ta gefen baki saboda giɓi, awon ya ɓaci, a sake. Ana son hurawa mai kyau uku, biyu mafi girma su yi kusa da juna, kuma ba a cika wuce gwaji takwas ba. Daga nan a fesa masa salbutamol, a jira kamar minti goma sha biyar, a sake daga farko. A mai asma, sau da yawa bakin buhun yana buɗewa bayan maganin. A mai wannan cuta, ko ya ɗan motsa, ba ya komawa daidai. Kowane mutum da bututunsa da matacinsa, ba a haɗawa, balle a wurin da tarin fuka ke yawo. Ita kanta na'urar ana gwada gaskiyarta da wani babban sirinji mai cin lita uku, kamar yadda sarkin awo kan duba ko an bubbuge gindin tiya.

Na daɗe a kan wannan ne don a ga cewa sayen na'ura shi ne mai sauƙi. Mai awon da bai ƙware ba zai fito da lissafin da ya fi rashin awo ɓarna: ya ɗora wa mai lafiya cuta, ko ya sallami marar lafiya.

Saura babbar tambaya: mutum nawa ne ke ɗauke da ita a Magarya da Dungas? Ƙidayar 2012 ta sami mutum 577,743 a gundumar Magarya da 353,867 a ta Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011. Yanzu an haura miliyan nesa ba kusa ba. Littafin asibiti ba zai ba da amsa ba, ko da an cika shi da kyau. Wanda ya ƙiyasta amfanin gonar shekara da buhunan da suka iso kasuwa ya manta da abin da ke rumbu, ya manta da wanda bai sami amalanke ba, da wanda bai noma abin kaiwa ba. Gwamnatin Nijar ta san wannan a harkar hatsi. Kowace kaka malaman gona suna shiga karkara su ƙiyasta abin da aka samu, a fitar da sunayen garuruwan da hatsinsu ba zai kai su baɗi ba. Cuta ma haka ake ƙirga ta, gida-gida, har da waɗanda suka ce lafiyarsu lau. Nijar ta yi irin wannan bincike kan cututtukan da ba a ɗauka daga wani, wanda ake kira STEPS, a 2007 da 2021. An tambayi mutane batun taba, an auna hawan jini da sukari da nauyi. Awon huhu ba ya cikin tsarin wannan bincike.

Inda aka shiga gidaje da na'urar a Afirka, abin da aka gani ya isa ya tayar da hankali, kuma bai zo iri ɗaya ba. Binciken BOLD, wanda ke auna 'yan shekara arba'in zuwa sama a ƙasashe da dama da tsari guda, ya sami toshewar a kashi 7.7 cikin ɗari a Ile-Ife ta ƙasar Yarabawa. A wata unguwa ta birnin Kef a Afirka ta Kudu, inda taba da tarin fuka suka haɗu, maza sun haura kashi 22, kuma wannan lissafin waɗanda cutar ta riga ta yi nisa ne. A gundumar Masindi ta Yuganda, karkara mai girki da itace kamar tamu, an auna mutum 588 'yan sama da shekara talatin, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna kashi 16. Mata sun ɗan fi maza, kusan uku cikin huɗu na matan da aka samu da ita ba su taɓa sa taba a baki ba, kuma da yawa ba su kai arba'in ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Ile-Ife: cikin waɗanda na'urar ta nuna suna da toshewar, fiye da kashi 98 ba a taɓa gaya musu ba. Gari ne mai jami'a da asibitin koyarwa. Sai ka auna da garuruwanmu irin su Guci ko Dogo-Dogo.

Tsakanin bakwai da goma sha shida da ashirin da biyu akwai tazara mai yawa, saboda haka ba za mu ari lissafin wani mu yafa ba. Abin da ke shiga ƙirjin mutumin Waca daban yake da na mutumin Ile-Ife.

Taba ce ta farko a ambato, kuma ta cancanta. A ƙasashe masu arziki ita ke jawo fiye da kashi 70 cikin ɗari na cutar, a irin namu kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta tsakanin kashi 30 zuwa 40. Masu amfani da taba a Nijar ba su kai ɗaya cikin manya goma ba, kuma kusan dukansu maza ne. Wannan yana sa wasu su ce ai matsalar ba tamu ba ce. Sai dai ka zauna a kowace fada da dare, shayi na kan gawayi, ka ga yadda kara ɗaya ke zagaya hannu uku. Mai tebur yana sayar da ita ɗai-ɗai, yadda ɗan shekara goma sha huɗu zai iya saye da canjin aike. Shisha ta shigo ta ƙara. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba a 2005, ta kafa doka mai lamba 2006-12 a ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta hana talla da sha a wuraren taruwar jama'a. Amma a ƙasar da iyaka ke ko'ina, daga Tinkim zuwa Babban Mutum, daga Dungas zuwa Maigatari, kwalin taba yana ƙetarawa yadda ya ga dama. Yaran da suka fara yau, sai nan da shekara ashirin ko talatin hakinsu zai bayyana.

Charles Fletcher da Richard Peto sun bi ma'aikata maza kusan 800 a Landan har shekara takwas suna auna su, suka buga sakamakon a 1977. Ƙarfin huhun kowa yana raguwa kaɗan-kaɗan da shekaru. A wasu mashaya, ba duka ba, yana raguwa da sauri ƙwarai, kuma ba sa jin komai sai ɓarna ta yi nisa. In mutum ya daina, abin da ya zube ya zube, amma saurin zubar yana komawa kusan irin na kowa. Wannan shi ne dalilin awo tun kafin haki: a kama ɓeran tun saura talatin da shida, kada a jira sai ashirin.

Sai hayaƙin da ba a saye. Fiye da gida tara cikin goma a Nijar da itace ko gawayi ko kara ake girki. A karkarar Magarya da Dungas, inda gonaki suka cinye daji, mace tana haɗawa da karan gero da na dawa, wani lokaci da busasshen kashin shanu, ga ɗanyen itace da damina. Ka leƙa madafa ka ga rufin, baƙi wuluk har yana ƙyalli. Mai tuwo tana sunkuye a kan murhu tana hura wuta da baki, idanu na hawaye, goyo a baya. Mai ƙosai da mai ƙuli-ƙuli sun fi haka daɗewa a kan wuta. Da sanyi a shigar da wuta ɗaki a rufe ƙofa. Ga ƙurar sussuka da shiƙa da kaka, ga hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na Cadi wata da watanni, ga samarin da suka tafi haƙar zinariya Jado tun 2014 suka dawo da ƙurar dutse a ƙirji.

Gaskiya dai masana ba su haɗu a kan girman rabon hayaƙin girki a wannan cuta ba. Bincike da dama sun danganta su, amma da masu BOLD suka tattara bayanan wurarensu a 2018, ba su ga alaƙa a fili tsakanin girki da itace da toshewar ba. Abin da ke fitowa a nasu lissafin, ban da taba, shi ne tsohon tarin fuka da talauci da ƙarancin karatu. Wannan saɓani ni a wurina hujja ce ta a auna a nan, a madafar da ake ƙona kara, a ji abin da ƙirjin matanmu zai faɗa.

Akwai kuma buhun da tun farko ba a ɗinka shi da girma ba. Huhu yana girma tun daga ciki har mutum ya kai shekara ashirin da 'yan kai. Wani babban nazari da aka buga a 2015, kan mutanen Amurka da Danmak, ya nuna kusan rabin waɗanda suka kamu da cutar huhunsu bai ragu da sauri ba, sun dai shiga girma ne da huhun da bai cika ba. Haihuwa da ƙarancin nauyi, tamowa, ciwon haƙarƙari a ƙuruciya, hayaƙi a goye: duka suna tauye shi. Wanda ya san Magarya ya san abin da wannan ke nufi. Tun 2005 ƙungiyar likitocin MSF ke aiki a can kan tamowa da zazzaɓin cizon sauro, kuma a daminar 2018 yaran da ke kwance a sashen yara na asibitin gundumar a lokaci guda sun haura 700. Dole hankali ya tafi ga yaron da zai iya mutuwa kafin gari ya waye, babu mai jayayya da haka. Amma dubban yaran da aka ceto a 2005 yanzu samari ne da 'yan mata da iyayen wasu, wasunsu suna fada da kara a hannu, wasu suna bakin murhu. Da wane huhu suka shigo girma?

In za a yi binciken awon huhu a nan, tsarin BOLD ya nemi aƙalla mutum 600 a wuri guda, maza 300, mata 300. Ba abin da ya fi ƙarfin jami'ar André Salifou da babban asibitin Damagaram ba ne, tazararsu da Magarya kamar kilomita 90 ce. A zaɓi garuruwa da ƙuri'a, daga Tsatsumburum har Malawa, kada a tsaya bakin kwalta. Abin da ya ba ni tsoro shi ne a kwafo tsarin daga wata ƙasa ba tare da sanin gida ba. In aka zo bayan kaka, rabin mazan sun tafi ci-rani, sai a auna tsofaffi da marasa ƙarfi a ce su ne gari. Da damina kowa na gona. Da azumi mutane da yawa ba za su yarda a fesa musu magani a baki da rana ba. Mace ba za ta yi hurawar ƙarfi a gaban baƙon namiji ba, sai mace 'yar'uwarta ta tsaya a kanta a cikin gida tana cewa "Inna, daure, ƙara hurawa," bayan an nemi izinin mai gari da mai gida. Batun taba a tambaye shi a keɓe, domin babu wanda zai amsa a gaban mahaifinsa ko surukinsa, kuma wanda ke saye kara-kara bai san kwali nawa yake sha ba, sai a bi shi da lissafi daga asuba zuwa kwanciya. Shekaru ma sai an yi dabara, tunda katin mutane da yawa cewa ya yi an haife su wajajen shekara kaza. A ganina kuma a fara daga 'yan shekara talatin, kamar yadda aka yi a Masindi.

Tiyar kanta tana da magana. Kowa ya san ta wata kasuwa ta fi ta wata. Ma'aunin da ake gwada huhun mutum da shi, a ce ga abin da ya kamata mai tsawonsa da shekarunsa ya hura, an gina shi ne galibi daga Turawa da baƙaƙen Amurka da mutanen Asiya. Ƙa'idar kashi 70 ɗin nan ma tana iya ɗora cutar a kan tsoho mai lafiya, ta kuma tsallake matashin da ya fara kamuwa. Saboda haka masu lafiyar da za a auna a binciken ba ɓata lokaci ba ne, da su za a san yadda huhun Bahaushe da Bafulatani da Babarbare na wannan yanki yake in ba abin da ya taɓa shi.

Ba kowace likitar karkara ce za ta sami sipiromita da ƙwararren mai awo ba, aƙalla ba yanzu ba. Akwai matakin tacewa. Wani bincike a Nepal da Peru da Yuganda, kan mutum fiye da 10,000, wanda aka buga a 2022, ya gwada 'yan tambayoyi kaɗan, wasu haɗe da ƙaramin bututun roba mai auna ƙarfin hurawa, ya ga suna iya ware waɗanda ya kamata a tura babban awo. Wanda ke shakkar ko mutanen karkara za su iya, ya tuna da Mirya, maƙwabciyarmu. A can ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da ɗan zare mai kore da rawaya da ja, aka ga awonsu bai gaza na ma'aikatan lafiya na gari ba, har dabarar ta bazu zuwa wasu ƙasashe.

Wani zai ce, mene ne amfanin sanin cutar da ba ta warkewa? Amfanin farko, haki ba uwa ɗaya ta haife shi ba. Asma ce, ko tabon tsohon tarin fuka, ko ciwon zuciya, ko ƙarancin jini, ko wannan toshewar, kowanne da maganinsa. Wanda ba a tantance ba yakan ƙare a hannun mai tallar magani a kasuwa, ya saya masa ƙwayoyin deksametazon. Suna sassauta ƙirji na kwana biyu, in aka daɗe a kansu kuma su kumbura fuska, su tayar da sukari da hawan jini, su raunana ƙashi, su buɗe wa tarin fuka ƙofa. Na biyu, mutumin da aka nuna wa lamba aka ce "Baba, cikin goma shida kawai kake fitarwa," ya fi jin maganar barin taba a kan wanda aka yi wa wa'azi kawai. Na uku, akwai abin yi. Maganin shaƙa yana rage haki in an koya wa mutum yadda ake shaƙarsa, kuma ba ya kama jiki kamar yadda ake tsoro. Tafiya da motsa jiki bisa tsari suna mayar da ƙarfin ƙafa da na numfashi. Rigakafin cututtukan ƙirji yana rage tashin ciwon. A fitar da murhu fili ko a huda wa madafa taga, a bar wa wani hura wuta. Wanda ƙafafunsa suka fara kumbura ko leɓensa ya sauya launi a san cewa zuciya ta shiga ciki, a kai shi inda akwai iskar oksijin.

Shi ya sa nake ganin kada a fara binciken sai an tanadi abin da zai biyo baya. Duk wanda ya hura a ba shi sakamakonsa a takarda, a karanta masa da Hausa. Wanda aka samu da toshewar a haɗa shi da majon garinsu, a buɗe wa cutar layinta a babban littafi, kuma maganin shaƙa ya kasance a kantar likitar da ta fi kusa da shi, a farashin da manomi zai iya saye kowane wata.